Arozuwar da Baba Ya Gyara Mani

Ni na san irin arozuwar da nake so, wannan butar ban ruwan shuka mai dogon baki. Abin da ya fi ƙona mani rai ke nan har yau. Ban yi nisa a lakwal ba, aji uku na yi aka cire ni, amma na daɗe ina ban ruwa da arozuwar aro a garkar mata da ke bayan unguwarmu a Dakoro, kuma duk wadda ta shigo hannuna sai na kifa ta na dubi gindinta. Ba wanda ya tambaye ni abin da na gani.

Ba don sha'awa na shiga garka ba. Ɗiyata ta fari tana da shekara guda da ƴan watanni na kai ta likita awo. Malamar ta naɗa mata wannan ƴar igiyar mai launi uku a damtse, ta ja, sai ta tsaya a kan rawaya, dab da ja. Ta ce mani tamowa ce ke leƙo ta. Ta ce fura da kunu kaɗai ba za su riƙe ta ba, sai da ganye, sai da tumatir da karoti a cikin abincinta kullum. Na ce to. Da na fito na tsaya a bakin ƙofa na tambayi kaina, a ina? Kayan miyar da ke zuwa garinmu a mota suke zuwa daga kudu, sun yi yaushi, kuma ba ni ke cefane ba. Ga ta ɗiyar fari, ba a yarda uwa ta nuna damuwa a kanta gaban mutane ba, ko sunanta ba na kira. Sai in na shiga ɗaki ba kowa nake zagaye damtsenta da yatsuna biyu in ga ko ya ƙaru. Wata rana sau huɗu nake aunawa.

Garkar tana da foraj, wato rijiyar burtsatse, mai aiki da hasken rana, da basan na siminti inda ruwa ke taruwa, an kewaye ta da waya. Kowace mace fangali biyu ake ba ta. Masu jira a waje sun fi na ciki yawa, shi ya sa aka kafa doka: fangalin da ya kwana uku ba shuka mai rai a cikinshi, a ba wata. Tsohuwar da ke riƙe da makulli, wadda muke ce ma Gwaggo, ba ta ɗaga ma kowa. Da aka ba ni nawa biyu ban yi barcin rana ba don murna, kuma tun ranar nake tsoron a karɓe.

A wurin aro na koyi arozuwar. Ta roba ba nauyi, amma ranar Dakoro ba ta barin roba, tana cin ta har ta yi fari ta riƙa ɓarewa kamar ƙwai. Ta tol, wato ta ƙarfen kwano, ita ce magana, sai dai ita ma iri-iri ce. Wadda aka liƙa hannunta da dalma, wata rana kina tsakar tafiya zai rabu da jikin, ruwan ya zube maki a ƙafa. Wadda aka ɗaure da ƙusa aka dandaƙe kanta ba ta haka. Na lura duk masu yoyo ta gindi suke farawa, don muna dire su a kan simintin basan, sai wadda aka yi ma zobe a ƙasa ya ɗaga ta kaɗan. Sannan kan nan mai huji-huji da muke ce ma rariya. In hujin ƙanana ne kamar bakin allura, ruwa na sauka kamar yayyafi, ƙasa ta sha a hankali. In manya ne, sai ya tono shuka.

Maigidana, kafin ya tafi bidar kuɗi can wajen Agadas, ya sawo mani ta roba, shuɗiya. Na karɓa haka nan. Ba ta kai wata biyu ba ta tsage a wuya. Na gasa wuƙa na liƙe da guntun tsohon silifa, ta sake tsagewa a gefen liƙin, na sake. Rana ta uku hannun ya taho mani a hannu.

To, a gidanmu ƙaramar mace ba ta shiga kasuwa. Sautu ake bayarwa. Surukina, Baba, shi ya ce zai sawo mani wata ranar kasuwa. Ni kuwa ba na magana da Baba. In zan gaishe shi daga nesa nake durƙusawa, idona a ƙasa, in ya tambayi abu in amsa da kalma guda. Haka na taras ana yi. Don haka sai na je wurin matarshi, Inna, tana tsince wake, na zauna na jera mata.

Na ce, "Inna, don Allah a gaya ma Baba ta tol, ba ta roba ba. Matsakaiciya, wadda zan iya ɗauka da goyo. Hannun ya zama na ƙusa, kada ya karɓi na dalma. A duba gindin, in ba zobe a bar ta. Rariyar kuma..."

Inna ta ɗago ta dube ni. "Ke, arozuwar ce za a sawo ko amarya za a zaɓo?"

"Inna, rariyar ce babba. Hujin ƙanana."

"Na ji, na ji." Sai ta juya wajen zaure ta ɗaga murya. "Malam! Yarinya ta ce mai ƙwari!"

Shi ke nan. Duk abin da na yi wata da watanni ina dubawa ya koma kalma biyu, ya tsallake zana ya tafi kasuwa.

Da la'asar Baba ya shigo da ita a kafaɗa yana murmushi. Ban taɓa ganin arozuwar mai girmanta ba. Ya dire ta tsakar gida, ya buga ta da sanda ta yi ƙara, ya ce ma Inna, don ni ba ni yake ma magana ba, "Ki gaya mata wagga har jikokinta sai sun gada." Tol ɗin mai kyau ne, ban hana mashi wannan ba. Amma in an cika ta, sai namiji ƙaƙƙarfa. Da na gwada a garka, da yarinyar a bayana, na ji ƙuguna ya amsa. Sai na riƙa cika ta rabi, ina zirga-zirga ninki biyu tsakanin basan da fangali. Abu guda ya sanyaya mani rai: rariyar ta dace. Ba don ya duba ba, dace ne kawai. Hujin ƙanana ne, ruwan na sauka lallausa.

Lokacin na riga na yafa irin da aka raba mana farkon sanyi, tumatir da shu, wato kabeji, da salati, a kusurwar fangali guda, ina renonsu kafin su isa dashe in cika duka biyun. Sau ɗaya ake raba iri a shekara. Sun fito, kowane da ɗan kunne biyu, tsanwa shar. Da safe nakan tsuguna in dube su kamar yadda nake duban damtsen yarinyar.

Kwana biyar da sayen, na dawo da arozuwar gida da hantsi, don ba a barin kaya a garka. Ina daka a bakin madafa sai Baba ya fito, ya ɗauke ta, ya zuba ruwa daga bido, jarkar da muke ajiye ruwa, ya karkata ta a gindin itacen bedin tsakar gida don ya ga aikin abin da ya sawo. Ruwan ya sauko siriri. Ya tsaya yana kallo. Ya yi tsaki.

"Wanga maƙeri ya cuce mu," ya ce ma Inna. "Bai gama huda ta ba. Yarinya da goyo za ta tsaya cikin rana tana jiran wanga ɗigo har yaushe?"

Ya shiga ɗaki ya fito da ƙusa babba, irin ta ƙofa, ya ɗauki dutse, ya cire rariyar ya kifa ta a kan guntun itace, ya zauna.

Sai an san Baba kafin a gane. Can wajen Azagor ya tashi, rayuwarshi duka a bakin rijiya mai zurfi ya yi ta, raƙumi na jan wasaki, shi yana juyewa a kwamin shan dabbobi, shanu na turereniya a bayanshi da ƙishirwar kwana biyu. A wurinshi ruwan kirki shi ne wanda ya zo da yawa, ya zo da sauri. Dabbobin sun ƙare a wani fari, ya shigo gari ya zauna. Bai taɓa shuka abin da ya fi gero ƙanƙanta ba, geron ma sama ke ba shi ruwa. Tausayina ya ji. Na san tausayina ya ji, kuma wannan bai rage mani komai ba.

Ya ɗora ƙusar a kan huji na farko ya buga. Taɓarya na hannuna, na daina daka. Taku bakwai ne tsakanina da shi. Kalma uku ta isa: Baba, a bari. Bakina ya ƙi. Na matsa kusa da Inna na ce a hankali, "Inna, zai ɓata ta."

Ta ce, "Bar shi. Yau kwana nawa bai samu abin yi da hannunshi ba?"

Haka na tsaya ina kallo yana bin hujin ɗaya bayan ɗaya, yana busawa, yana ɗagawa ya leƙa rana ta ciki. Bai tsallake ko guda ba. Da ya gama ya mayar da ita, ya zuba ruwa, ya karkata. Ruwan ya zubo kamar na indararo. Ya yi dariya, ya ce, "Yawwa. Yanzu ta zama ta aiki."

Ni kuma na durƙusa na ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Wannan godiyar ce ba na iya yafe ma kaina.

Washegari na yagi tsohon kallabi na ɗaure a bakin rariyar da tsinken roba, don ya tace ƙarfin ruwan. Na gwada a kan hanya, ya yi dama-dama. Na je kan renon. Yarinyar na kuka a bayana, mata na layi a basan, na karkata. Ƙyallen ya kumbura kamar kumatu, ya kumbura, sai ya fice. Kafin in ɗago hannuna, da nauyinta, abin ya wuce. Ƙasar ta rame, ta yi rami-rami. Ƴan shukokin suna yawo a kan ruwa, saiwarsu fara kamar zare, wasu laka ta binne su. Na sa yatsa ina tsamowa ina mayarwa, suna karyewa a hannuna.

Wata daga fangalin gefe ta leƙo ta ce, "Ke ƴar nan, shanu kike shayarwa?"

Aka yi dariya. Gwaggo ba ta yi ba. Ta zo ta tsaya a kaina, ta dubi renon, ta dubi fangalin biyu da ke shimfiɗe ba komai.

"Da ina ƙyale ki don na ga dashe na tafe," ta ce. "Yanzu ba shi. Kin san doka. Kwana uku."

Na ɗebo matattun shukokin da lakarsu a tafin hannuna, haka na riƙe su har gida. Baba na zaure yana tufkar igiya. Ban bi ta gefe ba kamar kullum. Na shiga, na zube su a kan tabarmarshi, ban durƙusa ba.

Na ce, "Baba, ga aikin ƙusa."

Ya dubi lakar, ya dube ni. Ina jin ranar ya fara ganin fuskata sosai.

"Ni kike ma magana a tsaye?"

"Tumatir ba saniya ba ce, Baba. Ba a kwara mashi ruwa. Hujin nan da gangan aka yi su ƙanana. Na faɗa tun farko, na faɗi komai, ba a kawo maku ba. Jiya ina tsaye kuka huda ta, na yi shiru, har na gode. Yanzu za a karɓe mani fangali."

Inna ta taho da gudu, zanenta a hannu. "Innalillahi! Ke! Aljanu ne suka hau ki? Surukin naki?"

"Ɗiyata ce ke ramewa, Inna!" Ban san na ɗaga murya haka ba. "Ɗiyata! Ku duba hannunta!" Na kwance goyon na ɗaga damtsen a gabansu. Ban taɓa ce mata ɗiyata a gaban kowa ba sai ranar. Yarinyar ta tsorata ta fashe da kuka.

Baba ya sunkuya kan tabarmar. Ya ɗauki shuka guda daga cikin lakar, ya juya ta a yatsunshi, ya ajiye. Ya ci gaba da tufka. Ban ji tausayi ba a lokacin, sai daga baya, kuma shi ma bai daɗe ba.

Kashegari ranar kasuwa ce. Na sa hijabi, na goya yarinyar, na ɗora ƙatuwar arozuwar a kai na fita ta ƙofar gaba. Inna ta ce, "Ina za ki?" Na ce, "Kasuwa." Ta ce, "Da izinin wa?" Na sa kai na wuce. Na bi ta kasuwar dabbobi. Na ga kamar duk mai rawani sai ya san Baba, kamar kowa ni yake kallo. Sai da na tambayi wata mai saida fura kafin na samu layin maƙeran tol.

Maƙerin da na tsaya wurinshi dattijo ne mai tabon ƙuna a hannu. Ya karɓi arozuwar, ya cire rariyar ya ɗaga ta sama.

"Amarya, wa ya harbe ta da bindiga?"

"Gyara aka yi mata."

"Allah ya tsare mu da irin wanga gyara. Zauna in buga maki sabuwar rariya, yanzu-yanzu."

Da na yarda da haka, da magana ta ƙare da sauƙi, da kyautar Baba ta koma gida. Na sani. Amma na riga na tako har nan, na riga na zubar da kunyar da zan zubar. Na ce a'a, ta fi ƙarfina, musaya nake so.

Ya miƙo mani wata mai fenti tsanwa, tana ƙyalli. Na kankare gefen da farce, tsatsa ta leƙo. Na mayar mashi. Ya miƙo wata, na juya hannun, dalma ce. Na mayar. Ya ce, "To, shiga ki zaɓa da kanki, tunda ke kika ƙera su." Na shiga rumfar, na bi su ɗaya-ɗaya ina kifawa. Can ƙasa na samu wata ba fenti, farin tol, ƙusa huɗu a hannu, zobe a gindi. Na ce a ba ni ruwa. Ya nuna mani bahon da yake sanyaya ƙarfe. Na cika ta har baki, na ɗaga da hannu guda da goyona, na taka zuwa bakin rumfa na dawo. Na dire ta a busasshiyar ƙasa, na jira, na ɗaga, ba jiƙa. Sannan na karkata ta a kan tafin hannuna. Ruwan bai yi mani nauyi a fata ba.

"Ke mijinki maƙeri ne?"

"A'a. Ni ce mai ɗauka."

Ya yi dariya har ya tari. Ya ce tol ɗin babbar ya fi, shi ya ci riba, in tafi da ita.

Rana ta biyu roƙo na yi. Na bi mata fangali-fangali ina neman abin da suka rage na dashe. Wata ta ba ni tumatir biyar, wata salati kaɗan, wadda ta yi mani ba'ar shanu ita ta fi kowa ba ni, ta zuba mani a zane. Da yawa sun riga sun dashe nasu kaf. Na baza abin da na samu, na ƙara tazara fiye da yadda ya kamata, duk da haka fangali guda kawai ya rufe. Na tsaya ina tunanin in raba su biyu in yaudari ido. Na san Gwaggo, za ta ce duka biyun ba shuka ba ne.

Da yamma maigidana ya kira a wayar Inna. An riga an gaya mashi. Bai tambayi garka ba, bai tambayi yarinya ba. Ya ce, "Ubana kika tsaya ma a kai? Kuma kika shiga kasuwa? Je ki ba shi haƙuri tun ina kan layi." Na je na durƙusa a bakin zaure, wayar a hannun Inna, na ce Baba a yi mani gafara. Ya ce ba komai, fuskarshi na wajen bango. Can Baba ya ce ma Inna, "Ina arozuwar?" Ta ce an musanya. Kwana da kwanaki bayan nan in na kai mashi tuwo, a rufe yake dawowa.

Ni na ba da haƙuri. Ni ba wanda ya ba ni.

Rana ta uku Gwaggo ta zo da sandarta. Dashen ya yi laushi ya kwanta, kamar yadda sabon dashe ke yi, amma ta tsuguna ta taɓa ta ga da rai.

"Wanga naki ne," ta ce. Ta nuna ɗayan da sanda. "Wancan ya fita."

"Gwaggo, kwana biyu kawai. Zan samo iri ko daga ina."

"Da bakinku kuka sa dokar, ba ni ba."

"Ba laifina ba ne, kin sani."

"Na sani. Wadda ke jira ita ma goyo gare ta. In ce mata mi?"

Da la'asar matar ta zo, ƴar siririya, ba ta fi ni shekaru ba, ta gaishe ni da ladabi, ta tsuguna ta fara dasa albasa. Fangalin nan ni na sassabe shi, ni na tsince duwatsunshi, ni na ɗauko mashi takin awaki a kai, kwando bayan kwando, daga bayan gidanmu. Albasarta ta yi kyau ƙwarai a shekarar.

Nawa guda ɗaya ya ba mu salati da tumatir, ba kullum ba kamar yadda malamar likita ta ce, sai dai kwana biyu a samu, kwana guda a rasa. Ranar da aka rasa nakan tsaya da arozuwar a hannu in dubi fangalin gefe, in lissafa abin da da na shuka a ciki. Matar takan ɗago ta ce, "Sannu da aiki, maƙwabciya." Ba ta yi mani komai ba. Ina amsawa, amma sai na haɗiye wani abu tukuna.